Kare Yana da Karin Harshe?

A watan Agustan 2006 wani labari ya karaɗe jaridun Birtaniya, daga can ya tsallaka gidajen rediyon duniya: wai shanun yankin Somerset, a kudu maso yammacin Ingila, suna kuka da karin harshen manoman da ke kiwonsu. Har da sunan masani aka haɗa, Farfesa John Wells, malamin ilimin furuci a Landan. Ba a jima ba malamin ya fito ya ce an sa masa magana a baki. Kamfanin talla ne da ke yi wa wata ƙungiyar masu yin cuku aiki ya kira shi, ya ba su misalin tsuntsaye masu karin kuka, sauran kuma aka ƙarasa masa. Karnuka ma an yi musu irin wannan labari. Wata cibiyar horar da karnuka da ke Cumbria, a arewacin Ingila, ta ce ta kwatanta muryoyin mutane da haushin karnukansu, ta gano karnukan Libaful sun fi saura siririyar murya, wai don suna kwaikwayon iyayen gidansu. Labarin jarida ne, amma har yau yana yawo a intanet, kowa ya ɗauko shi sai ya ƙara masa gishiri.

Tambayar kanta, wato ko kare yana da karin harshe, tana da tushe. Duk wanda ya taɓa kwana a ruga, ya kuma kwana a unguwar masu hali a Kano ko Abuja, ya san haushin da ke tashinsa tsakar dare ba iri ɗaya ba ne. Kunne bai yi masa ƙarya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne dalilin bambancin, da kuma ko ya cancanci a kira shi karin harshe.

Karin harshe abu ne da ake koya. A ɗauki jaririn da aka haifa a Fagge a kai shi riƙo Sakkwato, kafin ya isa shiga makarantar allo Sakkwatanci zai riƙa zubawa, ba ruwan harshensa da jinin iyayensa. Wannan shi ne ma'aunin da masu nazarin dabbobi suke amfani da shi. Ba ya wadatarwa a nuna cewa dabbobin wuri kaza suna kuka daban da na wuri kaza. Sai an nuna cewa ɗan da aka raba da danginsa tun yana ƙarami ya tashi da kukan inda aka rene shi.

Akwai dabbobin da suka ci wannan jarrabawa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a 1964 Peter Marler da Miwako Tamura suka tabbatar da maganar a kan wani ɗan tsuntsu mai farin zane a ka da ke zaune a kewayen San Faransisko, a Kalifoniya. Tsuntsayen Berkeley waƙarsu daban, na Marin daban, duk da cewa tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Da suka ɗauko 'ya'yan tsuntsun suka rene su a keɓe, sai suka ga wanda bai ji waƙar manya ba yakan tashi da gurguwar waƙa, wanda kuwa aka kunna wa faifan wani yanki a makonninsa na farko, waƙar wannan yankin yake ɗauka. A 2017 masu bincike a Jami'ar Tel Aviv suka yi wa 'ya'yan jemage irin wannan gwaji da lasifika, muryarsu ta karkata zuwa ga abin da suka tashi suna ji. Wanda ya fi burge ni shi ne na wani ɓera marar gashi da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa a Gabashin Afirka. A 2021 Alison Barker da Gary Lewin, a wata cibiyar bincike da ke Balin, suka nazarci kukan gaisuwa sama da 36,000 daga ɓeraye 166, suka ga kowane gida da nasa karin. Marayun da aka mayar wani gida sun ɗauki karin sabon gidan. Idan kuma sarauniyar gida ta mutu, sai karin ya wargaje, kowa ya kama gabansa, har sai wata ta hau. Wannan karin harshe ne na sosai, har da siyasarsa.

Kare fa? Masana ba sa sanya shi a jerin masu koyon murya, jerin da ya ƙunshi mutum, aku, tsuntsaye masu waƙa, jemage, giwa da wasu dabbobin teku. Hujja mafi sauƙi ita ce kwikwiyon da aka haifa kurma. Bai taɓa jin haushin uwarsa ba, amma idan ya girma zai yi haushi. Tsuntsun waƙa da ya kurumce tun yana ƙarami ba ya iya waƙar gidansu. Haushi a jikin kare yake tun daga ciki, kamar yadda kukan jariri yake.

Wani dogon bincike da John Paul Scott da John Fuller suka yi a Bar Harbor, a jihar Maine ta Amurka, wanda suka wallafa sakamakonsa a 1965 bayan shekara 13 ana aiki, ya fito da wannan fili. Sun tara jinsi biyar na karnuka a wuri ɗaya, abinci ɗaya, masu kula ɗaya. Da muhalli ne ke koya wa kare haushi, da an wayi gari duk sun zama ɗaya. Ba haka aka gani ba. An sami wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, jinsin koka, da ya yi haushi sau 907 cikin minti goma, alhali basenji, karen dazuzzukan Kwango, da ƙyar yake fitar da 'yan ƙalilan. Da suka haɗa jinsin biyu barbara, 'ya'yan suka fito da saurin haushi irin na koka. Abin a jini yake.

Sannan akwai ƙirar jiki. Sauti yana tasowa daga tantanin maƙogwaro, ya bi ta maƙoshi da baki ya fito, kuma tsawon wannan hanya shi ke ba murya kauri ko siranta. A 1999 Tobias Riede da Tecumseh Fitch suka auna wannan hanya a jikin karnuka masu girma daban-daban ta hoton ƙashi, suka ga tsawonta yana tafiya da girman kare, kuma ana jin hakan a gurnaninsa. Karnuka da kansu sun san da wannan. A wani gwaji da Tamás Faragó ya yi a Budapest a 2010, an kunna wa kare gurnani aka nuna masa hoto biyu, babban kare da ƙarami, sai ya juya ga hoton da ya dace da girman mai gurnanin. Babu wata dabbar gida da 'ya'yanta suka bambanta a girma kamar kare, daga wanda bai kai kilo biyu ba zuwa wanda ya haura kilo 80. Don haka idan unguwa ta cika da Alseshan da Bowabul da Kokeshiyan, irin waɗanda masu kuɗi ke saye don gadi, dole darenta ya yi amo daban da na ƙauyen da karnukansa sirara ne masu matsakaicin jiki.

Wani abin da ke rikita lissafi shi ne kare ɗaya ma ba haushi ɗaya gare shi ba. Charles Darwin ya rubuta tun 1871 cewa kare yana haushi da murya huɗu ko biyar: ta ɗoki lokacin farauta, ta fushi, ta baƙin ciki idan an kulle shi, ta murna idan za a fita, da ta roƙo idan yana son a buɗe masa ƙofa. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin zancen mai son karensa, har wasu masana suka riƙa cewa haushi hayaniya ce kawai, ba saƙo a cikinta. A 2004 Sophia Yin da Brenda McCowan, a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, suka ɗauki haushi sama da 4,600 daga karnuka goma a yanayi uku: baƙo ya buga ƙararrawar ƙofa, an bar kare shi kaɗai, da lokacin wasa. Na baƙo ya fito da kauri da gautsi, a jere ba hutu, wani kan wani. Na kaɗaici siriri ne, ɗaya-ɗaya, da tazara a tsakani. Na wasa shi ma siriri, amma a cure. Wannan ya yi daidai da wata ƙa'ida da Eugene Morton ya kafa a 1977, cewa a tsakanin tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa murya mai kauri da kaushi ta barazana ce, siririya mai tsabta kuma ta tsoro ce ko neman sulhu.

Masu bincike na Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest, su Péter Pongrácz da Ádám Miklósi, sun kai abin gaba. A 2005 suka kunna wa mutane haushin mudi, karen kiwon tumaki na Hangari, suka ce su faɗi halin da karen yake ciki. Mutanen sun dace fiye da abin da canke zai bayar, kuma wanda bai taɓa ajiye kare ba bai gaza mai kare ba. A 2008 Csaba Molnár ya ba kwamfuta haushi sama da 6,000 na mudi 14. Ta gane yanayin da aka yi haushin a kashi 43 cikin 100, ta gane wane kare ne a kashi 52. Ba adadi ne na a zo a gani ba, amma ya isa ya nuna cewa kowane kare da muryarsa, kowane hali da haushinsa.

Ga inda wannan ya shafi maganarmu. Karen da ke ɗaure a bayan get, wanda aikinsa kullum shi ne jin takun mutanen da ba ya gani, mafi yawan abin da za ka ji daga gare shi haushin baƙo ne da na kaɗaici. Karen ruga, wanda ke yawo a sake cikin 'yan'uwansa, haushinsa na dare na gargaɗi ne, ɗaya ya fara saura su amsa. Mai sauraro zai ce karnukan wuraren biyu yarensu daban. A gaskiya shafi daban-daban suke karantawa na abin da kowanensu ke da shi. Ka musanya musu wuri, cikin 'yan makonni za su musanya hali, kowa kuma da muryar da aka haife shi da ita.

Vincent Janik da Peter Slater na Jami'ar St Andrews sun raba abin biyu a wata maƙala ta 2000, kuma rabon yana da amfani ƙwarai. Akwai koyon ƙera sabon sauti, irin na aku. Akwai kuma koyon lokacin da za a yi amfani da sautin da dama ana da shi. A na biyun kare gwani ne. Ana koya masa ya yi haushi idan an umarce shi, ya yi shiru idan an tsawata. Yana kuma koya wa kansa: ya yi haushi mai tallan ruwa ya wuce, a ganinsa shi ya kore shi, gobe sai ya ƙara. Ya yi haushi yaron gida ya jefo masa ƙashi don ya rufe baki, ya gano hanyar samun ƙashi ke nan. Mafarautanmu sun san kishiyar wannan. Karen da ya cika baki a daji yana tayar da nama tun ba a kai gare shi ba, don haka ba a barinsa da halin. Al'adar mutanen wuri, ko sun ɗauki kare abin gadi, ko abokin farauta, ko abin da ake kora da dutse daga ƙofar gida, tana tasiri a kan yawan haushi da lokacinsa. A wannan ma'anar muhalli yana da hannu dumu-dumu.

Darwin ma ya kawo labarin karnukan da aka bari a tsibirin Juan Fernández, a gaɓar Chile, suka koma daji, har matafiya suka ce sun daina haushi, waɗanda aka kwaso aka haɗa da karnukan gida kuma sannu a hankali suka dawo da shi. Labarin matafiya ne na ƙarnonin baya, a riƙe shi da hannu biyu amma kada a rantse da shi. Abin da yake nunawa dai ya yi daidai da abin da aka sani game da kyarkeci, kakan kare: yana iya haushi, amma gajere ne, jefi-jefi, galibi don gargaɗi a kusa da raminsa. Zama da mutum ne ya mayar da haushi sana'a.

Akwai kuma bambancin yanki na haƙiƙa, wanda mutane suka ƙera da hannunsu ta hanyar zaɓen iri. A Finlan akwai wani jan kare mai tsayayyun kunnuwa wanda aikinsa shi ne ya gano tsuntsu a kan bishiya ya tsaya ƙarƙashinta yana haushi ba ƙaƙƙautawa har maharbi ya iso. Ana shirya gasa a naɗa sarkin masu haushi, kuma gwanayensu sukan kai sau 160 a minti ɗaya. A Niyu Zilan makiyaya sun samar da hantawe, kare mai kora garken tumaki a kan tuddai da babbar murya, saboda a irin wannan faɗin ƙasa karen da ke aiki shiru ba ya wadatarwa. A kan iyakar Ingila da Sikotilan kuwa an fi son koli, mai juya tumaki da ido, bakinsa rufe. Basenji na Kwango maƙogwaronsa ma ƙirarsa daban ce, abin da yake fitarwa ya fi kama da guɗa, shi ya sa mafarautan can suke rataya masa ƙararrawar itace a wuya don su san inda ya shiga. Kolumbus ya rubuta a 1492 cewa ya tarar da karnuka marasa haushi a Kiyuba. Dingo, karen dajin Ostireliya, ya fi yawan dogon kuka a kan haushi, karen tsaunukan Niyu Gini kuma saboda kukansa mai hawa da sauka ake ce masa mawaƙi. Nan kusa da mu, a kwarin Azawak da ya ratsa Nijar da Mali, Buzaye suna da dogon siririn karensu mai tsaron zango da farautar barewa da zomo, wanda ƙirjinsa da wuyansa da halinsa duk na wannan aikin ne.

To a nan mutum zai iya cewa, ai ga shi, haushi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Haka ne. Amma ka kai ɗan basenji Finlan ka rene shi cikin masu gasar haushi, ba zai taɓa shiga gasar ba. Bambancin gado ne.

Irin wannan taka-tsantsan ya kamata a yi da binciken da Arik Kershenbaum na Jami'ar Kambirij ya jagoranta a 2016, wanda jaridu suka yi wa take da cewa kyarketai suna da karin harshe. An tace kuka kimanin 2,000 na kyarketai da diloli da karnuka da danginsu, rukuni 13, kwamfuta ta kasa su gida 21. An ga kowane rukuni yana da irin kukan da ya fi yawaita a bakinsa: wani miƙaƙƙe mai kauri, wani mai lanƙwasa. Aiki ne mai kyau, yana kuma da amfani ga masu ƙidayar namun daji. Sai dai rukunonin nan jinsinsu da girman jikinsu dama daban ne, don haka binciken bai raba gado da koyo ba. Kuma kuka ake magana, ba haushi ba. Su biyun aikinsu daban: kuka na kiran nesa ne, haushi na abin da ke kusa.

Wani ɓangaren da ba a cika kawowa ba shi ne wurin da sautin ya ratsa kafin ya iso kunne. Iska tana cinye siraran sautuka fiye da masu kauri, kuma busasshiyar iska ta fi yin haka. Haushin da ya taso daga nesa a lokacin hunturu zai iso maka a dushe, kaifinsa ya zube a hanya. Da dare kuma, idan ƙasa ta huce iskar da ke samanta ta fi ta ɗumi, sauti yakan lanƙwaso ƙasa maimakon ya tsere sama, shi ya sa ake jin karnukan wani ƙauye da asuba kamar a bayan gida suke. A lungun birni katangar siminti da rufin kwano suna mayar da amo, haushi ɗaya ya zama biyu. Ganuwar ƙasa da dannin kara da ciyawar damina suna shanye shi. Kare ɗaya, ka saurare shi a fili a Damagaram da rani, ka sake saurarensa a cikin gidan bene a Legas, sai ka rantse biyu ne. Hayaniya ma tana sa mai murya ya ɗaga ta ba da saninsa ba, abin da likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana a kan mutane a 1911, daga baya aka same shi a dabbobi da yawa. A birnin Leiden na Holan an gano a 2003 cewa wasu tsuntsaye da ke zaune kusa da manyan tituna suna rera waƙa da murya mafi siranta don su tsere wa rugugin motoci. Wannan gyaran murya ne don a ji ka, kamar mai magana kusa da janareta.

Hujja mafi ƙarfi da masu cewa kare yana kwaikwayon harshen gidansu suke da ita ta fito a 2023. Wasu masana kwamfuta, cikinsu har da Mengyue Wu da Kenny Zhu, sun tattara guntayen sauti 7,500 na karen shiba, wani jinsin karen Japan, daga bidiyoyin YouTube, wasu daga gidajen masu jin Japananci, wasu daga na masu jin Ingilishi. Jinsi ɗaya suka zaɓa da gangan don kada a ce bambancin iri ne. Kwamfuta ta sami bambanci tsakanin rukunin biyu, har suka nuna wasu siffofin sautin da suke ganin suna iya tafiya da yadda masu karnukan ke magana. Su da kansu sun kira aikin share fage, kuma gara da suka faɗi haka. Shiban da ke Japan da wanda aka yi zuriya bayan zuriya ana hayayyafa a Amurka sunansu ɗaya, amma ba lalle danginsu na kusa ɗaya ba ne. Ɗakunan Tokyo da na Teksas ba amonsu ɗaya ba. Wayoyin da aka ɗauki sautin da su, da nisan kare daga waya, da ma irin abin da mutanen kowace ƙasa suke ganin ya isa a ɗora a intanet, duk suna iya haifar da bambancin da kwamfuta za ta cafke. Binciken bai ɗauki 'yan kwikwiyo ciki ɗaya ya raba su gida biyu ya jira su girma ba, kuma wannan ne gwajin da zai raba gardama.

Ba na rufe ƙofa gaba ɗaya, saboda awaki. A 2012 Elodie Briefer da Alan McElligott, a Jami'ar Queen Mary ta Landan, suka ɗauki kukan 'yan awaki na irin gajerun nan da asalinsu Afirka ta Yamma ne, suna da mako ɗaya, suka sake ɗauka suna da mako biyar. Waɗanda suka tashi a garke ɗaya kukansu ya ƙara kusantar juna. Akuya ba ta cikin jerin masu koyon murya, amma ga ɗan sassauci an samu. Idan akuya tana da shi, ba abin mamaki ba ne a sami kwatankwacinsa a karnukan da suka tashi gida ɗaya. Sai dai ɗan kusantar murya tsakanin abokan zama abu ne ƙarami, ma'aunin kwamfuta ke ganinsa. Tsakaninsa da cewa karnukan gari guda suna da karin da za a gane su da shi akwai tafiya mai nisa.

Ta ɓangaren ji kuwa, kare ya wuce yadda ake zato. Laura Cuaya ta tashi daga Meziko ta koma Budapest da karenta Kun-kun, sai ta so ta san ko ya lura mutanen sabon garin wani yare suke yi. Ita da Attila Andics suka horar da karnuka 18 su kwanta shiru a cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka kunna musu karatu da Sifaniyanci da Hangariyanci. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙwaƙwalwarsu tana amsa yaren da suka saba ji daban da baƙon yare, tsofaffin karnuka kuma sun fi nuna hakan. Ina jin daga nan ne ruɗanin yake samun ƙarfi. Mutum ya ga karensa yana gane Hausa, ya ga na maƙwabcinsa sai an yi masa Ibo yake motsi, sai ya ɗauka bakin ma haka yake. Kunnen kare yana koyo sosai, maƙogwaronsa ne ba ya bin sawu.

Namu kunnen ma yana da laifi. Bature yana jin karensa yana cewa wuf-wuf, Bafaranshe waf-waf, Bajapane wan-wan, Balarabe hau-hau, Barashe gaf-gaf, ɗan Koriya mong-mong. Yara sukan tambaya ko karnukan ƙasashen ne suka bambanta. Kowane harshe yana ɗibar haushi ne ya zuba shi cikin baƙaƙe da wasulan da yake da su, kuma wanda ya tashi da wan-wan, wan-wan zai ji ko a ina karen yake. Binciken Budapest na 2005 ya nuna inda aka haɗu: mutane ba sa buƙatar sanin jinsin kare kafin su gane haushin fushi daga na kaɗaici.

Akwai sauyin haushi guda da ya kamata mai kare ya ɗauka da gaske, kuma ba ruwansa da ƙaura ko maƙwabta. Idan karen da ka san muryarsa ya wayi gari ta dushe, ko ta koma wani iri, jikinsa ne ke magana. Yana iya zama yawan haushi ne ya kumbura maƙogwaro, ko tarin da karnuka ke ɗauka a junansu, ko sarƙa ce ta ji masa ciwo a wuya, ko shanyewar maƙogwaro da ke kama manyan karnuka idan sun tsufa. Yana kuma iya zama ciwon haukan kare, domin ƙwayar cutar tana shanye jijiyoyin maƙoshi, murya ta shaƙe, haushi ya ƙare da wani irin kuka, yawu ya riƙa dalala saboda haɗiya ta gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne ko yaƙushinsa. Karen da muryarsa ta sauya tare da halinsa, mai fara'a ya koma cizo ko mai zafi ya yi laƙwas, a killace shi, kada a sa hannu a bakinsa da sunan neman ƙashin da ya maƙale, a kira likitan dabbobi. Wanda ya riga ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar don allurar rigakafi, ba sai an jira alama ta bayyana ba. Allurar karnukan kuma ana yin ta a gida Najeriya, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato.